Sa Hannun Baba Mai Wasiƙa

Shekara shida na yi ina gyaran waya a shagon da ke jikin gidan Baba Mai Wasiƙa, kuma ban taɓa ganin tsohon nan ya manta inda ya ajiye ko da allura ba. Na fara da wannan ne saboda yau duk wanda ka tambaya a layinmu zai ce maka Baba ya ruɗe, gigin tsufa ya kama shi, 'yan damfara suka wanke shi tas ta waya. Ƙarya ce. A gabana aka yi abin, kuma har yanzu in na tuna raina ɓaci yake yi, rabin haushin ma kaina nake ji wa.

Baba ya yi shekara talatin da biyu yana rabon wasiƙu da ƙunshin kaya a kan keke, ya san garin nan ƙofa-ƙofa. Da ya yi ritaya sai bencin shagona ya zama ofishinsa. Da safe zai fito da tabarau a aljihun gaba, masu takardar asibiti da masu fom ɗin makaranta su zo ya karanta musu, ya cike musu. Yana kira na Injiniya don tsokana, ni kuma in ce masa Shugaban Gidan Waya, ya ce ai ban ƙara masa albashi ba.

Ranar wata Talata saƙo ya shigo wayarsa. Ya miƙo mini ya ce in karanta, rubutun ya yi masa ƙanana. Saƙon ya ce kayansa sun iso amma adireshi bai cika ba, ya danna wani shuɗin rubutu ya biya ɗan kuɗin sake kawowa kafin awa goma sha biyu, in ba haka ba za a mayar da kayan. Baba ya yi dariya har da buga gwiwa. Ya tambaye ni ko an ambaci sunansa, na ce a'a. Lambar kaya fa? Babu. Wa ya aiko? Wata doguwar lamba ce da ban san kanta ba.

“To share shi, Injiniya,” ya ce. “Kaya na gaskiya suna da suna, suna da lamba, kuma ba sa yi wa mutum barazana. In kana shakka, wanda ka sayi kayan a wurinsa za ka kira. Ni ban sayi komai ba ma.”

Ban kai ga sharewa ba babban ɗansa ya fito. Manaja ake ce masa, don shi ke riƙe da wani babban shagon kujeru a kasuwa, mutum ne mai son guga da turare, hula ba ta barin kansa ko a cikin gida. Kalmar kaya kawai ya ji ya ci birki. Ya karɓi wayar daga hannuna, ya karanta, sai na ga fuskarsa ta canza. Ya yi ƙasa da murya ya ce kayansa ne, shi ya saya da suna da lambar Baba don ba ya son matarsa ta gani. Ya ce katinsa na banki yana cikin jakar matar, Baba ya ara masa nasa, kuɗin ma bai kai na shayi ba.

Baba ya ce masa saƙon na bogi ne, ya sake lissafa masa abubuwan da ya faɗa mini. Manaja ya ce zamanin keke daban, zamanin yanzu daban, Baba ya daina koya masa abin da bai sani ba a gaban mutane. Ni ne mutanen. Na ga tsohon ya dube ni, ya dubi ɗansa, sai ya zaro katin daga ƙaramar jakar fatar da yake ratayawa a wuya ya miƙa. Na ce, “Yallaɓai, a dai bi a hankali,” ya watso mini wani kallo da ya tuna mini cewa shi ke karɓar kuɗin hayar shagona. Na sunkuyar da kai na ci gaba da kwance wayar da ke gabana. Ya shigar da lambobin katin gaba da baya. Banki ya turo lambar sirri, har da gargaɗin kada a ba kowa, ya kwafe ta ya saka. Ya ajiye wa Baba waya da kati a cinya ya shiga motarsa.

Kafin rana ta take tsaka wayar Baba ta yi ƙara sau huɗu. Duk abin da ya tara tun da ya bar aiki ya tafi.

Da yamma surukarsa, matar Manaja, ta aiko a kira ni in duba wayar ko za a iya dawo da kuɗin. Na samu falo a cike. Na yi zaton zan tarar da Manaja yana ba da haƙuri, sai na tarar da shi a tsaye yana girgiza kai, yana cewa ya daɗe yana lura Baba ba daidai yake ba, ga shi yau ya danna abin da ko ɗan firamare ba zai danna ba. Baba ya ɗago ya ce, a natse, ai shi Manaja ne ya karɓi wayar da katin da safe.

Manaja bai ko ƙifta ido ba. Ya juya ga matarsa ya ce, “Kin ji ko? Abin har ya kai ya fara ganin abin da bai faru ba.”

Baba ya waiwayo ya dube ni. Kallo ne kawai irin na mai jiran a miƙo masa biro. Ni kuwa na ce wayar ba ta da matsala, banki ya kamata a je, na fice. Wata huɗu ya rage a sabunta mini haya, kuma ina da mata da yara uku. Wannan ita ce hujjata, na kuwa maimaita wa kaina ita har ta zama kamar gaskiya.

Washegari aka karɓe wayar Baba, wai kada 'yan damfarar su sake turo masa saƙo. Aka karɓe katin, wai fanshon da zai shigo ya fi aminci a hannun Manaja. Surukar ta tsaya a ƙofar gida tana ba maƙwabta labari ɗaya bayan ɗaya, da tausayi a fuska kamar an yi rasuwa. A lokacin ita ma ta yarda da mijinta, ba zan ɗora mata abin da ba ta yi ba tukuna. Amma labari irin wannan yana da daɗin faɗa, kuma ta iya faɗarsa.

Daga nan duk abin da Baba ya yi sai ya zama alama. Ya nemi tabaransa yana kan goshinsa, abin da ni ma nake yi da biro a kunne, sai a kalli juna a ce ciwon ne. Ya kira jikarsa da sunan yayarta, ciwon ne. Ya yi shiru, ciwon ne. Ya ce ba shi ya danna ba, to wannan kam ciwon ya motsa sosai, a ba shi ruwa ya kwanta. Masu kawo masa takardu suka ɗauke ƙafa. Wata mata da ya shekara yana cike wa fom ɗin asibiti ta zo ta same shi a benci, ta gaishe shi da ƙarfi kamar kurma, sannan ta miƙo mini takardar ta ce in karanta mata. Ya zauna yana kallon titi har ta tafi. Da ta tafi ya ce mini, ba tare da ya juyo ba, na karanta mata ranar komawa asibiti ba daidai ba, sha bakwai ce ba sha ɗaya ba. Na duba kwafin da ta bari, haka ne.

Bai taɓa tambayata dalilin shiruna ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

A wata na biyu ya fita da safe ya tafi banki da ƙafa, yana so a buga masa takardar da ke nuna lokacin da aka cire kuɗin. Bai faɗa wa kowa ba don ya san za a hana shi. Layi ya yi tsawo, ya kai la'asar bai dawo ba. Surukar ta tara mutanen layinmu da kuka wai Baba ya ɓace. Da ya dawo da takardarsa a hannu, Manaja ya karɓe ta ya ninke ya sa a aljihu bai ko duba ba, ya ce daga yau za a riƙa sa kwaɗo a ƙofar gida. Mutumin da ya shekara talatin da biyu yana nuna wa baƙi hanya, shi aka kulle don kada ya ɓata.

Ɗakinsa na gaba yana da ƙofa ta titi, saboda haka aka ce bai dace da mara lafiya ba. Aka mayar da shi ɗakin baya kusa da sito, inda ake ajiye tsofaffin katifu da injin wankin da ya lalace. Ba a yi sati biyu ba ɗakin gaban ya zama shagon surukar na sayar da mayafai da jakunkuna. Na tambayi Manaja a kaikaice ko ba za a bar Baba ya riƙa fitowa benci ba ko na awa ɗaya. Ya ce ni ba likita ba ne, kuma duk abin da suke yi don lafiyarsa ne, wasu 'ya'yan ma da tuni sun kai shi asibitin masu taɓin hankali. Ya faɗi haka yana gyara hularsa a madubin motarsa.

Tagar ɗakin bayan tana kallon lungun da nake zubar da shara. Ta nan muke gaisawa. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Wata rana ya tambaye ni, cikin wata murya da ban san shi da ita ba, ko na tabbata ranar Talata ce abin ya faru, don kowa a gidan yana ce masa Laraba. Na ce Talata ce, Baba. Ya ce to madalla, ya fara tunanin ko da gaske kansa ne. Na koma shago na kasa riƙe sukurdireba.

Sai ga kayan gaskiya sun iso, bayan wata uku. Wani mai babur ne ya kawo, da ƙaramin kwali mai suna da lamba a jiki, bai nemi ko sisi ba. Ya ce sai mai sunan ya sa hannu, don haka dole aka buɗe kwaɗo aka fito da Baba. Ya karɓi kwalin ya juya shi, ya duba suna, ya duba lamba, ya duba ko an taɓa buɗewa, kamar yadda ya saba yi a da, sannan ya sa hannunsa mai kyan nan. Ya ce wa mai babur haka ake aiki, Allah ya yi albarka. Rabona da ganin fuskarsa a sake haka tun kafin abin ya faru.

Surukar ta fizge kwalin ta farke a gaban shagonta, ga mata biyu masu sayen mayafi. Kwalabe uku ne na man tsirar da gashi, da hoton wani mai sanƙo kafin ya shafa da bayan ya shafa. Na ga lokacin da ta gane. Ta dubi kan Baba, farin gashi cunkus kamar auduga, ta dubi ƙofar da mijinta yake fita kullum da hula har kunne. Sannan ta fashe da dariya, ta ɗaga kwalba sama ta ce wa matan su gani, ashe har man gashi Baba yake saye a waya, ko aure zai ƙara ne ba a sani ba. Matan suka yi dariya har da tafawa. Aka mayar da Baba ciki aka datse kwaɗo. Kwalaben kuwa ba a zubar ba, ɗakinta ta shige da su.

Tun daga ranar na daina yi mata uzuri. Ta sani, kuma ta zaɓi shagonta.

Baba yana da 'ya mace, Auta, ma'aikaciyar jinya ce a wani gari mai nisa. Duk watannin nan Manaja ne ke ba ta labari, in ta ce a ba ta Baba a waya sai a ce yana barci. Da ta samu hutu ta zo. Ta tsaya a shagona sayen caja, idonta ya kumbura, ta ce ta ga Baba, ba ta gane abin da ke damunsa ba, don duk tambayar da ta yi masa irin ta asibiti ya amsa daidai. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na faɗa mata komai, tun daga saƙon har man gashi, har da shirun da na yi.

Ba ta tsaya ɓata lokaci ba. Ta ja ni har falo, ta sa aka fito da Baba, ta sa na maimaita a gaban yayanta da matarsa. Manaja ya ce ni maƙaryaci ne mai neman a rage masa haya. Auta ta ce masa, “Yaya, cire hularka.” Bai cire ba. Ta ce in ta tabbata shi ya yi wannan, yau za ta tafi da Baba, kuma sai ta je har wurin mai shagon kujeru ta faɗa masa irin mutumin da ya damƙa wa dukiyarsa, sannan kowa a dangi sai ya ji. Gumi ya keto wa Manaja ta ƙarƙashin hular. 'Ya'yansa mata biyu suna leƙe ta bayan labule.

Auta ta durƙusa gaban mahaifinta ta riƙe hannunsa. “Baba, kai kaɗai nake so in ji. Wa ya danna?”

Wata huɗu yana faɗar amsar nan ba mai saurare. Yanzu ga mai saurare ta zo. Ya dubi ɗansa ya daɗe, ya dubi labulen da jikokinsa suke, sannan ya sauke ido kan tafin hannunsa.

“Ni ne,” ya ce. “Injiniya ya manta ne. Ni na danna.”

Auta ta fashe da kuka ta rungume shi tana cewa ba komai, Baba, tsufa ne. Surukar ta sauke ajiyar zuciya har ana ji. Manaja ya nuna mini ƙofa da ɗan yatsa.

Mutum zai yi zaton ɗan da ubansa ya rufa wa asiri haka zai je ya faɗi a gabansa yana neman gafara. Kwana biyu bayan nan Manaja ya zo da wata takarda daga wurin lauya, wadda ta ba shi ikon kula da fanshon Baba da gidan gaba ɗaya, tunda mai gidan da bakinsa ya amsa cewa ba ya iya riƙe kansa. Auta ce ta sa hannu a matsayin shaida, da zuciya ɗaya, tana ganin taimako take yi. Ta koma bakin aikinta ba ta ko kalli shagona ba. Ni kuma aka ba ni zuwa ƙarshen wata in kwashe kayana, hayar da na sayar da tsohon saboda ita ba ta ƙara mini ko kwana talatin ba.

Ranar da nake kwashe kaya na zaga lungu. Yana zaune a bakin katifa, hasken taga a fuskarsa. Na ce masa ya yafe mini, na yi shiru lokacin da magana za ta yi amfani, na yi magana lokacin da ba ta da amfani. Ya ce in bar wannan. Sai na kasa daurewa na tambaye shi ko da gaske ya fara yarda cewa shi ya danna.

Ya yi ɗan murmushi. Ya ce Talata ce, ƙarfe takwas da kwata, saƙon ba suna, ba lambar kaya, awa goma sha biyu suka bayar, ni kuma ina kwance wata baƙar waya mai fasasshen gilashi. Babu abin da ya manta.

“To me ya sa, Baba?”

“In aka kore shi daga aiki, yaran nan me za su ci?” Ya gyara tabaransa. “Shekara talatin da biyu, Injiniya, ban taɓa ba mutum kayan da ba nasa ba. Wannan laifin ma na duba, na ga ba nawa ba ne. Amma ɗana ne ya aiko, sai na sa hannu.”

Daga cikin gida surukar ta ɗaga murya tana tambaya da wa yake magana. Ya ce ba kowa. Na ji tana ce wa wata baƙuwa, “Kin ji ko, yanzu har shi kaɗai yake surutu.”

Na koma wani layi da shagona. Kusan kullum sai wani ya miƙo mini waya ya ce in duba masa saƙon kaya, in tambaye shi tambayoyin Baba: akwai sunanka, akwai lambar kaya, wa ya aiko, me ya sa suke gaggawa? In ce kada ya danna, kada ya ba kowa lambar da banki ya turo, ya kira inda ya sayi kayan. Mutane da yawa sun tsira da kuɗinsu ta haka, suna ce mini na iya aiki. 'Yan damfarar nan ba su san Baba ba, sau ɗaya suka cuce shi suka wuce. Waɗanda suka san shi su ne suke tashi kowace safiya su sake.

Rannan na hango Manaja a kasuwa ba hula, gashi ya ɗan fara tsirowa a tsakiyar kansa. Ana tambayarsa jikin Baba, yana cewa sai addu'a, suna dai iya ƙoƙarinsu.